Lallen Kan Gilashi

Shafi na 23

Masu zagin Jidda tun shekaranjiya, na ga saƙonninku, kuma ban goge ko ɗaya ba. Ke da kika ce uwar da ba ta iya kiran sunan 'yarta ba uwa ba ce, don Allah in kakarki na da rai je ki tambaye ta sunan ɗanta na fari, ki dawo ki ba mu labarin amsar da kika samu. Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muke: Njamena, shekarar 2002, ana bikin Hidaya, 'yar farin Jidda mai lalle, wadda gwaggonta Hindu ta riƙa tun daga yaye. Yau wuni. Gobe da safe za a wuce da amarya Damagaram. To, bismilla.

*

Sai da aka yi la'asar, rana ta ɗan sassauta, sannan aka fara buɗe kayan gudummawa.

Tsakar gidan Hindu a unguwar Digel ta cika maƙil. Mata cikin lafaya kala-kala, turaren wuta ya gauraya da ƙamshin soyayyen nama, ana ta zagayawa da karkanji, wato zoɓo, mai ƙanƙara. Amarya na tsakiya kan darduma, a lulluɓe, hannuwanta kaɗai ake gani.

Hannuwan nan Jidda take kallo tun ɗazu.

Tana can ƙurya wajen randuna, kusa da masu wanke-wanke. Nan ne wurin uwar 'yar fari. Ba ta rawa, ba ta guɗa, in an yi mata barka ma sai ta ce, "A yi wa Yaya Hindu."

Wata mai lalle aka ɗauko daga garin Kuseri na Kamaru, ƙetaren kogi, ta yi wa amarya ƙunshi. Ko daga inda Jidda take tana ganin layin ya yi kauri, ya kuma karkace wajen babban yatsa. Abin ya tsaya mata a rai. Shekara ashirin tana yi wa amaren Ambasatna ƙunshi, har daga wasu unguwanni ake zuwa ɗaukarta, amma wannan hannu ɗaya ba ta isa ta riƙe shi ba. Uwa ta zauna ta riƙe hannun 'yar farinta tana zane, mutane na kallo? Ai sai a ɗauke ta a faifai.

Maryamu mai guɗa ce ke ɗaga kaya tana shela.

"Bargo mai damisa, daga matan mahauta! Ayyiririiii!"

"Tasoshi dozin, daga ƙawayen amarya na ofis!"

Ta janyo wani kwalin sabulu da aka ɗaure da igiyar rama.

"Wannan fa? Ba suna. Mai kwali ya fito, ko in kai gidana!"

Aka yi dariya.

Hindu ta ce, "Na Jidda ne."

Jidda ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta.

Maryamu ta kwance igiya, ta yaye tsumman zanen da aka naɗe na farko da shi, ta ɗaga sama.

Kofin gilashi ne mai doguwar ƙafa, siririya, da faffaɗan gindi. Rana ta bugi jikinsa. Tun daga baki har ƙasa zanen ƙunshi ne, ja da baƙi da ruwan gwal. Ga furen tafin hannu a cikinsa, ga zobe-zobe sun zagaye ƙafar, ga ɗige-ɗigen nan ƙanana da ko a fatar mutum ba kowa ke iya jera su ba.

"La ila!" in ji wata. "Wannan a ina ake sayarwa?"

"Sayarwa? Ba ki ga hannun Jidda ba?"

"Miƙo in gani!"

"A hankali, kar ki fasa!"

Guda goma sha biyu ne, kuma babu wanda zanensa ya yi kama da na ɗan'uwansa.

Ku da kuke tare da mu kun san abin da suka ci. Kwana arba'in da biyu. Da jan farce ta yi su, da ƙayar aduwa a madadin alƙalami. Zafin Njamena kan busar da jan farce a bakin ƙaya kafin a ja layi biyu, shi ya sa daga sallar asuba zuwa hantsi kawai take aiki, kwalaben kuma a jiƙaƙƙen yashin gindin randa take binne su. In ta gama sai ta kife kofin ƙarƙashin kwando saboda ƙuda. Ita kaɗai a ɗaki, ba mai ce mata ya yi kyau, ba mai ce mata bai yi ba. Ƙunshin da ba za ta iya yi wa 'yarta ba, shi ta yi wa gilashi.

Kofuna suka yi ta yawo hannu-hannu. Jidda ta saci kallo, ta ga an ɗora ɗaya a cinyar amarya, ta ga yatsun nan sun shafa shi.

Wallahi da a nan aka tsaya, da ta koma gida da abin da zai ishe ta har ta mutu.

Ba a tsaya ba.

Ɗaya ya isa hannun Hajiya Saudat, gwaggon ango, wadda ta jagoranci 'yan ɗaukar amarya daga Damagaram. Ta gyara tabarau. Ta juya kofin. Ta ƙyasta bakinsa da farce, ya yi ƙara siririya.

"Wa kuka ce ya kawo wannan?"

"Uwar amarya, Hajiya."

"Wace uwar? Ba ga uwar amarya nan ba?" Ta nuna Hindu.

Hindu ta ce, "Wadda ta haife ta."

"To a kira min ita."

Jidda ta taso. Tsakanin randuna da inda Hajiya take bai fi taku goma sha biyar ba, amma sai ta ji kamar an aike ta Kuseri a ƙafa. Ta durƙusa.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya lau. Baiwar Allah, kin san ko mene ne wannan?"

"Kofi ne, Hajiya."

"Na shan me?"

"Na... na ruwa. Ko karkanji. In baƙi sun zo mata."

"A ina kika samo?"

"Wajen Ɗan Baba, mai sayen kayan Nasara in za su tashi."

"Kin tambaye shi na mene ne?"

"Ban tambaya ba. Na ga sun yi tsayi, sun yi kyau."

Hajiya Saudat ta ajiye shi a kan tabarma, ta goge yatsunta da gefen lafaya.

"Kofin giya ne."



"Da shi Nasara ke shan jar giyarsu. Wannan doguwar ƙafar da ta ba ki sha'awa, ita suke riƙewa."

Wata da ke riƙe da ɗaya ta yi saurin ajiyewa kamar ta ɗauki garwashi. Wata ta ce, "A'uzubillahi." Can baya wata ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki.

Maryamu, da yake bakinta ba ya da linzami, ta ce, "Ikon Allah. Hajiya, ke kuma a ina kika san shi?"

Hajiya ta watsa mata harara.

"Marigayi mijina shekara goma yana kai kaya otal-otal a Yamai. Ido ya gani, ba baki ya sha ba."

Wata tsohuwa ta ce, "Haba, in an wanke ai shi ke nan. Gilashi ba ya riƙe najasa."

"Na sani, Inna. Malamai sun faɗa. Ban kuma ce da gangan ta yi ba. Amma yarinyar nan gidan liman za a kai ta. Baƙo ya zo a miƙa masa ruwa a wannan, gobe a ji mu a kasuwar Dole ta Damagaram? Ni aka damƙa wa amanar tafiyar nan. Ba za su shiga motarmu ba."



Jidda ta so ta ce sau bakwai ta wanke kowanne tun kafin ta sa masa ƙaya, don dai kayan wasu ne. Ta so ta ce kwana arba'in da biyu. Ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Sai ta kalli amarya.

Lulluɓin bai motsa ba. Hannuwan ma sun shige ciki.

Shi ke nan. Jidda ta ja gwiwa ta bi tabarma tana tattara kofunanta ɗaya bayan ɗaya, tana naɗe kowanne da tsummansa. Ba wanda ya taya ta. Ba mugunta ba ce, kowa dai ya rasa inda zai sa idonsa.

"A yi haƙuri," ta ce. "Rashin sani ne."

Ta ɗora kwalin a ka ta fita. Kafin ta kai bakin titi ta ji Maryamu ta ci gaba, muryarta a sanyaye.

"Tabarma biyu, daga maƙwabta..."

*

Da ta isa ɗakinta a Ambasatna ta buɗe kwalin, goma sha ɗaya ta tarar. Ta ce a ranta wani ya fasa, ko an jefa shi bola. Ba ta yi kuka ba. Ta yi sallolinta, ta kwanta ba ta ci komai ba.

Da gari ya waye, lokacin da ta saba zama da ƙaya da jan farce, sai ta zauna da reza.

Ta ɗauki na farko ta fara kankarewa. Furen da ya ci mata kwana huɗu ya zubo a cinyarta kamar ɓawon albasa. Ta gama shi, ta ɗauki na biyu. So take ta mayar wa Ɗan Baba kayansa yadda ta same su, kar wani Banasare ya sha giya da lallen 'yarta.

Gindin ne kawai ta kasa taɓawa. Duk wanda ta zo gindinsa sai ta tsallake.

Tana kan na uku ta ji tsayuwar mota a bakin lungu. Sai sallamar Hindu.

"Jidda, ga mu. An kawo ta ta yi miki sallama. Suna sauri, so suke su tsallake gadar Ngeli ta kan iyaka kafin layi ya yi tsawo."

Jidda ta tura kwalin bayanta, ta ja zane ta rufe ɓawon jan farcen.

Hindu ta shigo. Hidaya na bayanta cikin farar lafaya, fuska a buɗe, idanu sun kumbura. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Adda, ina kwana."

Adda take ce mata. Hindu ce Inna.

Jidda ta kalli Hindu.

"Kun tashi lafiya, Yaya? Ya gajiyar biki?"

"Alhamdu lillahi."

"A ce mata ta yi haƙuri da abin jiya. A ce mata ta bi mijinta, ta riƙe sallah. Allah ya ba da zaman lafiya."

"Ga ni a gabanki, Adda," in ji Hidaya. "Ba sai an ce mini ba."

Hindu ta ce, "Ke!"

"Bar ni, Inna. Yau dai bar ni."

Ta sa hannu cikin lafaya ta fito da shi. Na goma sha biyun. Ko ƙwarzane babu.

"Tun da Maryamu ta ɗaga na farko na san ko kofin me ne. Na sha ganinsu a liyafar ofis. Na yi ta addu'a kar wani ya gane."

Jidda ta dubi ƙasa.

"Da aka fara magana na ɓoye wannan a jikina. Ba don ya yi kyau ba. Haushi nake ji. Na ce shekara ashirin da biyu ba ki taɓa ba ni ko ɗankunne hannu da hannu ba, ranar da za ki ba ni abu kuma sai kin kunyata ni gaban dangin miji. Na ce in na shiga ɗaki zan fasa shi da kaina."

Ta juya kofin, gindinsa ya kalli sama.

"Sai na ga wannan."

A ƙarƙashin gindin, inda ba mai dubawa, an yi rubutu da ruwan gwal, ƙanana-ƙanana. Rubutun boko ne, mai ɗan karkata irin na yara.

"Adda, ba ki yi lakwal ba, ko aji ba ki taɓa shiga ba. Wa ya rubuta miki?"

Jidda ta gyara zanen da ke cinyarta.

"Wa ya rubuta?"

"Ba kowa," Jidda ta ce wa tabarma. "Zane ne. Na duba na zana."

"Kika duba a ina?"

Idon Jidda ya ci amanarta, ya tafi kan akwatin ƙarfen da ke gindin gado. Hidaya ta miƙe, ta ɗaga murfin. A saman kaya, cikin leda, ga wani tsohon littafin rubutu mai shuɗin bango.

Ta ɗauko. Ta daɗe tana kallonsa.

"Littafina na lissafi."

Ta juyo wajen Hindu.

"Inna, kin tuna? Wanda ya ɓata ana saura sati jarrabawa. Kika doke ni kika ce sakaci ne."

Hindu ta zauna a bakin gado ba tare da an ce ta zauna ba.

Hidaya ta haɗa bangon littafin da gindin kofin. Iri ɗaya sak, har da inda alƙalami ya zarce a harafin ƙarshe. Sai dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ke zuwa tare da hawaye.

"Har da ajin kika zana, Adda. Kin sa sunana, kin sa na Baba, kin sa aji shida. Ba ki san inda sunan ya ƙare ba."

"Na ji tsoron in bar wani abu," in ji Jidda a hankali.

Daga waje aka danna oda.

Hidaya ta share fuska da bayan hannu. Muryarta ta canja.

"To ni yanzu amsa nake so. Ina da ƙawaye 'yan fari. Su ma iyayensu ba sa kiran sunansu, amma suna zuwa hutu, ana yi musu kitso, ana yi musu faɗa. Ni ko faɗa ba ki taɓa yi mini ba. Ƙyanda ta ɗauke ƙannena biyu, Baba ya rasu, kika rage ke kaɗai a ɗakin nan. Daga nan zuwa Digel tasi ɗaya ce. Kin gwammace ki zauna da bango da ki ce a ba ki ni. Kin taɓa nema na? Ko sau ɗaya?"

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma na Jidda ya daɗe da sabawa.

"Kin gani ko, Inna? Tashi mu tafi."

"Ta nema."

Hindu ce. Ba ta ɗago ba.

Jidda ta ce, "Yaya, don Allah..."

"A'a, Jidda. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yarinyar nan za ta tsallake gada da wannan a ranta, ni kuma in kwanta da shi a kabari? Ta nema, Hidaya. Sau uku."

Hidaya ta juyo gaba ɗaya.

"Bayan ta fita takabar babanki Rufa'i ta zo. Ta wuni a gidana tun hantsi har la'asar, ta kasa faɗa. Da za ta tafi ta tambaye ni ko kajina suna ƙwai. Na san abin da ya kawo ta, na yi kamar ban sani ba."

"Na biyu fa?"

"Na biyu ta ce ɗakin ya yi mata girma. Na ce ta sa 'yar haya."

"Inna!"

"Na uku ta faɗa. Ta durƙusa a ƙofar madafina ta ce, Yaya, a ara mini yarinyar nan ko na wata ɗaya. Aro fa ta ce. Abin da ta haifa." Muryar Hindu ta karye. "Ni ban taɓa haihuwa ba, kin sani. Na ce mata in za ta ɗauke ki, ta fara sayo mini likkafani. Na ce in ta sake tayar da maganar, zan gaya wa duniya matar ƙanina ba ta da kunya, tana bin 'yar fari. Kina makaranta ranar. Littafinki na kan tabarma. Da ta tafi ban sake ganinsa ba."

"Kin san ita ta ɗauka?"

"Na sani."

"Kika doke ni?"

"Na doke ki."

Daga bakin lungu ana jin mai shayi yana kaɗa cokali a kofi.

Ni dai ban ce Hindu muguwa ba ce. Ta yi goyo, ta yi jinya, ta sayar da awarwaronta ta sa yarinya lakwal lokacin da mahautan unguwa ke mata dariya. Amma abin da ta yi ta yi shi, kuma ba zan shafa masa mai ba.

Aka sake danna oda, wannan karon da tsawo. Muryar Hajiya Saudat ta biyo baya.

"Hajiya Hindu! Rana tana yi!"

Hidaya ta dawo ta durƙusa gaban Jidda, kusa sosai, har gwiwarsu na taɓa juna. Rabon da su yi kusa haka tun tana goye. Sai a lokacin ta ga reza, ta ga jan ɓawo a gefen zane, ta ga kofuna biyu tsirara a bayan uwarta.

"Kankarewa kike yi?"

Jidda ta kau da kai.

"Adda, ba kofi nake so ba. Hajiya ta ce ba za su shiga mota ba, to kar su shiga. Abu ɗaya nake so in tafi da shi, kuma ba mai iya hana shi shiga mota."

Ta kama hannun Jidda. Hannun nan mai karkataccen lalle, ga shi yau a cikin nata.

"Kira ni."

Jidda ta kalli ƙofa.

"Sau ɗaya. Ba kowa a nan sai Inna. Ba zan gaya wa kowa ba. Kin zana shi sau goma sha biyu, kin san shi. Faɗa."

Jidda ta ji sunan ya taso. Kullum yana nan, a ƙasan harshe. Ta faɗe shi a zuci sau dubu nawa, in tana daka, in tana jan ruwa, in ta yi sujada. Ya zo maƙogwaro ya tsaya cak.

"Ba a yi," ta ce. "Ni ma 'yar fari ce. Har uwata ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba."

"Ya yi miki daɗi?"

Tambayar ta shige ta kamar ƙaya.

Ta tuna ranar. Tana zaune a gefen tabarmar jinya a ƙauyensu, tana jira, tana cewa yau kam za ta faɗa. Tsohuwar ta buɗe ido ta ce, "Ke, ba ni ruwa." Shi ne na ƙarshe.

Jidda ta ɗago kai. Ta buɗe baki.

"Allah... Allah ya kiyaye hanya."

Hidaya ta saki hannun.

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi kukan ciwo. Ta ɗauki kofin ta ajiye shi a gaban uwarta, a kife, sunan yana sama. Ta ɗora littafin a gefensa.

"To riƙe, Adda. Ke kika fi ni buƙatarsa."

Ta ja lafaya ta rufe fuska ta fita. Hindu ta bi ta tana jan ƙafa.

Jidda ta ji an buɗe ƙofar mota. Ta ji an rufe. Ta ji injin ya tashi.

Ɗakin ya koma yadda yake kullum. Gado, akwati, randa, kwandon da take kife kofuna. Gobe da asuba za ta idar da sallah ta zauna, ba ƙaya, ba jan farce, ba wanda za ta yi wa. Digel tasi ɗaya ce ta kasa. Damagaram kuwa sai an ratsa ƙasa biyu.

Ta kalli gindin kofin. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya a ciki.

"Ke, ba ni ruwa."

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

Ba takalmi. Ba mayafi. Jidda fa, wadda ko shara za ta zubar sai ta yafa. Ta fita da gudu, kofin a hannunta, ta bi lungu, ta wuce mai shayi da mutanensa, ta wuce teburin mahauta, abokan marigayi mijinta, duk suka bi ta da ido baki buɗe.

Motar ta riga ta hau kwalta. Farar fijo, kaya a sama an ɗaure da igiya, ta doshi hanyar Ngeli.

Jidda ta tsaya a tsakiyar titi. Wani mai babur ya kauce mata yana zagi da Larabci.

Kiran farko bai fito ba, iska ce kawai.

Ta ja numfashi.

"HIDAYA!"

Muryar ta fashe a tsakiya, kamar ba tata ba. Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Wani tsohon mahauci ya ce, "Subhanallahi, 'yar farin ce fa."

Ta ji shi. Ta sake.

"Hidaya! Hidayatu!"

Motar ta ci gaba da tafiya. Ta wuce mai faci. Ta wuce kantin Buzu. Ta fara ƙanƙancewa.

Sai jajayen fitilun bayanta suka kama.

Ta tsaya.

Ƙofar baya ta buɗe. Jidda ta ƙanƙame kofin a ƙirji.

Ƙafar da ta fara sauka ba ta da lalle.

Ta Hajiya Saudat ce. Mu haɗu a shafi na 24.